Injin da na ce masa sabo ne

Assalamu alaikum Anti mai shafi, da ku masu karatu, ina gaishe ku da kyau. Don Allah a ɓoye sunana, domin mu Hausawan Injamena, babban birnin Chadi, ba mu da yawa, idan mutum ya yi tari a unguwarmu Walia kafin la'asar an yi masa sannu daga unguwar Dembe. Na san akwai masu jiran a fara labari su fara zagi. Ku yi wa Allah ku karanta har ƙarshe tukuna, duk abin da za ku faɗa min na riga na faɗa wa kaina, har da wanda bakinku ba zai iya faɗa ba. Matsalata a kan inji ce, injin goge fentin mota. Na san wasu za su yi dariya, ni ma da wata ce ta rubuto da na yi. Amma wallahi injin nan ya hana ni barci, ya hana ni kallon mijina ido da ido.

Mijina sana'arsa gyaran fentin mota. Kar ku kuskura ku ce masa mai wankin mota, sai ya ɓata rai ya ce wanki kowa ma ya iya. Shi mota ake kawo masa wadda rana da ƙura suka cinye, ta yi fari fat kamar ƙafar da ba a shafa wa mai ba, ya shafa mata man gogewa ya bi ta da inji a hankali, kafin yamma sai ka ga fuskarka a jikin ƙofa. Ɗan mahauta ne, kakanninsa duk wuƙa suka riƙe a kasuwa, shi kaɗai ya fita daban. Yana da rumfa a gefen wani wurin wankin mota, labaj muke cewa a nan, kuma duk mutanen unguwa suna kiransa Usta, wato gwanin sana'a. Ni ma haka nake kiransa, da farko don tsokana, daga baya ya zame min suna. Mutum ne mai alfahari da hannunsa fiye da yadda wasu ke alfahari da gidajensu. Idan muna tafiya ya hango mota, ba lambarta yake kallo ba, sai ya sunkuya ya kalli fentin ta gefen rana ya ce wanda ya goge wannan bai iya ba. Na sha ce masa da zai dinga duba fuskata yadda yake duba ƙofar mota da na fi kowa kyau a Walia.

A zamana da shi na koyi abin da ban nemi koya ba. Injin gogewa iri biyu ne. Akwai mai juyawa kai tsaye a wuri ɗaya, mai ƙarfi, mai saurin aiki, amma yana tara zafi, idan ka tsaya da shi a wuri ɗaya ko ka ƙara masa gudu a bakin ƙarfe sai ya cinye fentin har ƙasa. Akwai kuma mai karkarwa, wanda yake juyawa yana kaɗawa gefe da gefe, ba ya ƙona komai ko a hannun wa yake, sai dai yana da nawa. Usta na farkon yake riƙewa tun yana saurayi. Na biyun kuwa injin 'yan koyo yake ce masa, wani lokaci ya ce injin matsorata. Ku riƙe wannan maganar, domin ita ce ta kai ni ta baro.

Shekarar da ruwan kogin Shari ya shigo mana Walia, injinsa yana cikin ɗaki, ruwa ya kwana a kansa, bai ƙara tashi ba. Ba mu gama share laka ba sai hawan jini ya buge shi, ɓarinsa na dama ya saki. Allah ya sa abin ya zo da sauƙi. Mun yi watanni muna zaryar asibiti, aka ba shi wata ƙwallon roba yana matsawa safe da yamma, a hankali ƙafa ta dawo, baki ya daidaita, hannu ya dawo, sai babban yatsansa kawai da ya rage ba ya ji sosai. Likita ya ce zai iya komawa aiki. Amma da me zai koma? Sai in gan shi zaune a tsakar gida yana motsa hannun dama da hagu a iska, kamar yana bin murfin mota da inji, idan ya ga ina kallonsa sai ya wayance da korar ƙuda. Wace mace ce za ta ga haka ta zauna?

A nan dole in gaya muku labarin yayansa. Uwa ɗaya uba ɗaya suke, Yaya yana da shagon kayan aiki na hannu a kasuwar Dembe, su injin huda ƙarfe, su injin walda, duk abin da ya taɓa aiki a hannun wani. Ranar da mahaifiyarsu za ta rasu an aika wa Usta, ya ce yana zuwa, bari ya ƙarasa gefen motar da ke hannunsa kar man ya bushe a kai. Bai san abin ya kai haka ba, an saba aikowa ya je ya tarar ta warware. Kafin ya iso ta cika. A wurin zaman makoki, a gaban mutane, Yaya ya ce masa ya zaɓi motar wani a kan uwarsa. Da Usta ya dawo gida ya rantse ko allura ba zai ƙara karɓa daga hannun Yaya ba. Shekaru suka wuce, idan sun haɗu a jana'iza ko suna sai sallama daga nesa. Da ya kwanta ciwo Yaya ya zo asibiti, Usta ya juya fuska bango.

To ni da kaina na hau klando, ɗan acaɓarmu na nan, na tsallaka gada na tafi Dembe ba tare da na gaya masa ba. Niyyata in zaga shaguna in sayo masa inji. Na zaga, na ga abin ya fi ƙarfin sanina, kowa yana yaba kayansa, wani ma injin yankan ƙarfe ya so ya liƙa min ya ce duk ɗaya ne. Ban san lokacin da ƙafata ta kai ni ƙofar shagon Yaya ba. Na durƙusa na gaishe shi, ya tambayi jikin ƙaninsa, na ga idonsa ya kawo ruwa ya juya yana gyara wayoyin da ba su buƙatar gyara. Da na faɗi abin da ya kawo ni sai ya shiga ciki ya fito da inji biyu ya ajiye a kan tebur. Ɗaya mai karkarwa ne, ɗayan mai juyawa, irin na Usta sak, yana cikin kwalinsa har da leda.

Yaya ya ɗora hannu a kan mai karkarwar ya ce in ɗauki wannan, mutumin da ya tashi daga irin ciwon nan ya fara da mai sauƙi, idan hannu ya saba sai a ga abin da Allah zai yi. Gaskiya ya faɗa, ni ma na san gaskiya ce. Amma sai na hango kaina ina ajiye injin 'yan koyo a gaban Usta. Me na ce masa ke nan? Na ce masa matarka ma ta yarda hannunka ya mutu. Mutumin da yake goge motar iska a tsakar gida, shi zan kai wa injin matsorata? Na ce wa Yaya a'a, wancan nake so. Ya ce na san halin ɗan'uwansa fiye da shi. Daga nan ya faɗi maganar da har yau take min yawo a kunne.

"Maman yara, ki saurare ni da kyau. Wannan kusan sabo ne, amma ba banza mai shi ya rabu da shi ba. Idan ya daɗe yana aiki ya ɗauki zafi, gudunsa yana tashi da kansa, ko da an sa shi a ƙarami. Ki gaya masa ya dinga ba shi hutu, kuma ya kai a canza masa abin daidaita gudun. Ba sai kin ce daga wurina ya fito ba, ki ce mai shagon ne ya faɗa miki. Amma ki faɗa."

Na ce to, Yaya, in sha Allahu zan faɗa. Ya ƙi karɓar komai a hannuna, ya ce in na ƙara maganar zai ɓata min rai. Har bakin titi ya rako ni da kwalin a kafaɗarsa, ya tare min klando, ya ƙara maimaita min maganar zafin.

Wallahi a hanya na shirya yadda zan faɗa. Amma da na shiga gida na ajiye kwalin a gabansa, ya buɗe, sai na ga abin da rabon da in gani tun kafin ruwa ya shigo: Usta ya yi dariya har haƙoransa na baya suka fito. Ya ɗaga injin da hannun dama kaɗai don ya nuna min zai iya, ya shinshina shi, ya juya ɗan maɓallin gudun da yatsa yana ƙirga lambobin. Sai kuma fuskarsa ta ɗan canza, ya kalle ni ya ce, "A ina kika samo? Ba dai Dembe ba?" Na san abin da yake tambaya. Na san idan na ce Dembe zai ce shagon wa, idan na yi inda-inda zai gane, ya mayar da injin cikin kwali ya tura min da ƙafa. Bakina ya riga tunanina. Na ce sabo ne dal, daga Kusiri, garin da ke tsallaken iyaka, wata ƙawata ta tsallako min da shi, ba wanda ya taɓa kunna shi. Ya kama hannuna ya ce Allah ya yi min albarka, ya ce ya san ni kaɗai ce ban cire rai da hannunsa ba.

To ku gaya min, bayan na ce sabo ne dal, ta ina zan fara cewa yana da ciwo? Sabon inji daga kwali wa ya san ciwonsa? Na ce bari in bari gobe. Gobe ta zo na ce bari ya fara aiki tukuna kar in sare masa gwiwa. Ya koma rumfarsa, abokan aiki suka yi ta murna, ƙananan ayyuka suka fara shigowa, wannan ƙofa ɗaya, wancan fitila, wani ɗan karce a gefe. Aikin da ba ya daɗewa, injin bai taɓa yin zafi ba. Kullum ya dawo sai ya yabe shi, ya ce yana tafiya a hannu kamar man shanu. Ni kuma sai na fara lallashin kaina cewa wataƙila Yaya ya cika tsoro ne, wataƙila ciwon ya warke da kansa. Kun taɓa jin inji ya warke da kansa? Ni na yarda da haka, saboda shi ne abin da ya fi min sauƙi.

Akwai wani Alhaji mai fataucin shanu a unguwar Butalbagar, tsohon mai kawo masa aiki ne tun kafin ciwo. Yana da wata babbar mota baƙa wuluk da yake ji da ita, duk tsawon jinyar Usta bai bari kowa ya taɓa fentinta ba, ya ce zai jira. Da ya ji Usta ya dawo sai ya kawo ta da kansa. Usta ya kwana biyu yana maganar motar nan. Ya ce baƙin fenti shi ne jarrabawar mai gogewa, ba ya ɓoye kuskure ko kaɗan, kuma idan ya fitar da wannan kowa zai san ya dawo. Lokacin tsananin zafi ne, irin wanda ƙarfe ke ƙona hannu tun hantsi. Da asuba ya fita.

Da azahar na kai masa abinci, kuma wannan ne wurin da nake so ku fi zagina, domin ina tsaye a wurin. Na tarar ya gama gefe guda, motar tana ɗaukar ido, Alhaji yana zaune a benci da wasu mutane suna shan shayi suna kallo. Janareton labaj yana ta ƙara. Na tambayi wani mai wanki tun yaushe Usta yake riƙe da injin, ya ce tun safe bai ajiye ba. Na matsa kusa na ce Usta ka zo ka ci abinci kar ya huce. Ya ɗago yana gumi yana murmushi ya ce bari ya ƙarasa wannan kafaɗar, yana nufin gefen da ke saman tayar gaba, inda ƙarfen ya yi tudu. Shi da bakinsa ya sha gaya min a nan fenti ya fi siriri. Kalma nawa ce a ce kashe injin nan, yana da ciwo? Na buɗe baki, na kalli Alhaji, na kalli mutanen da ke benci, na tuna zai tambaye ni a gabansu ta yaya na sani. Sai na rufe bakina na koma gefe ina buɗe kwano.

Ban gama ɗage murfin ba na ji kukan injin ya canza, ya yi sama. Na ga ya fizgi hannunsa. Kafin ya ɗaga, wari ya tashi, irin na roba idan ta ƙone. A kan tudun nan, a tsakiyar baƙin da yake sheƙi, wani tabo ya fito fari-fari, tsawon tafin hannu, fentin ya tafi har ƙasa. Usta ya saki injin ya faɗi a ƙasa. Bai kalli injin ba, bai kalli motar ba, hannunsa ya ɗaga yana kallo, yana murza babban yatsan nan da ɗayan hannun.

Da ma Alhaji ya yi faɗa. Da ya yi zagi, ya ce a biya shi, da Usta ya samu abin da zai riƙe. Amma mutumin kirki ne. Ya taso ya duba tabon, ya dafa kafaɗar mijina ya ce, "Ma fi mushkila, ba komai, Usta. Ƙarfe ne, za a sake fesa fenti. Kai dai Allah ya ƙara maka lafiya, ba a yi wa jiki dole." Mutanen benci suka yi ta cewa sannu, Allah ya sawwaƙe, ciwon nan haka yake, ba ya barin mutum gaba ɗaya. Kowace sannu ina ganin yadda take rage masa tsawo. Ya naɗe wayar injin a hankali, ya mayar da shi kwali, muka tafi gida, abincin ma a can na manto shi.

A gida ya zauna ya yi min bayani, ni da na fi shi sanin abin da ya faru. Ya ce yatsan nan da ba ya ji shi ne ya goga maɓallin gudun ya kai shi ƙarshe ba tare da ya sani ba. Ya ce sabon inji ba ya tashi da kansa. Ya ce shekarun da ya yi yana sana'a bai taɓa ƙona fentin kowa ba, ko yana koyo, kuma mai gogewar da ba ya jin yatsansa makaho ne da wuƙa a hannu. Ya ce kalas, ya gama. Ina zaune a gabansa na ce masa ya yi haƙuri, ƙaddara ce. Ku ji fa, ni ce na ce masa ƙaddara ce.

Tun daga ranar bai koma rumfa ba, bai ƙara kunna injin ba balle ya gane. Ƙwallon robar da yake matsawa ya jefa ta bayan akwati. Idan baƙi suka zo yana ɓoye hannun a cikin riga, shayi ma da hagu yake karɓa ya ce a yi masa uzuri. Likita ya gwada shi ya ce hannun ya ma fi da ƙarfi, Usta ya ce likita bai taɓa riƙe inji ba. Wani abokinsa ya samar masa gadi a wani shagon taya, yana zaune a kujera daga safe zuwa yamma yana kallon motoci suna wucewa, kuma ya daina sunkuyawa ya duba fentinsu. Abin da ya fi kashe ni, wani suna da ya sa wa hannun. Idan cokali ya suɓuce masa, abin da yake faruwa da kowa, sai ya kalle shi ya ce, "Maci amana." Ina jin haka sai in tashi in shiga madafa kamar na bar wani abu a wuta. Na je neman gira na rasa ido, kuma ba idona ba ma, nasa.

Sai ga wani abu da ban zata ba. Labari ya kai Dembe cewa Usta ya ajiye sana'a. Wata Juma'a sai ga Yaya a ƙofar gidanmu da ƙullin nama. Na ɗauka za a maimaita abin asibiti, amma Usta ya ce a shimfiɗa masa tabarma. Mutumin da ya karye ba ya da ƙarfin riƙe gaba. Suka zauna suka fara maganar mahaifinsu, da yadda yake fiɗar rago. Da zai tafi Yaya ya nemi gafara a kan maganar makoki, Usta ya ce shi ma maganar ba ta taɓa barinsa ba saboda akwai gaskiya a cikinta. Na leƙo na ga manyan maza biyu suna share ido. Abin da dangi suka yi shekaru suna nema suka kasa, ga shi ya faru a tsakar gidana, kuma a kan ƙaryata aka gina shi.

Da na raka Yaya zaure ya rage murya ya ce, "Maman yara, maganar zafin nan, kin faɗa masa ko?" Na kalli ƙasa na ce na faɗa. Ya sauke ajiyar zuciya ya ce alhamdu lillahi, ya kwana biyu yana tsoron ko injinsa ne ya jawo, to ashe dai hannun ne, Allah ya ba shi lafiya. Ƙarya ta biyu ke nan. Yanzu mutum biyu ne a duniya suka yarda hannun mijina ya mutu saboda na gaya musu, ɗaya da baki, ɗaya da shiru.

Na auna abin ta kowace fuska har kaina yana ciwo. Idan na faɗa, na mayar masa da hannunsa, wannan na sani. Zai san ba shi ba ne, zai iya komawa rumfa. Amma zai san matar da ya ce ita kaɗai ce ba ta cire rai da shi ba, ta tsaya da kwano a hannu tana kallo ya ƙona motar Alhaji, ta kuma bar shi watanni yana zagin hannunsa. Zai san na sa shi ya karya rantsuwarsa bai sani ba. Kuma na san zuciyarsa, tana iya raya masa cewa Yaya da gangan ya aiko masa da inji mai ciwo, zumuncin da bai gama tsayawa da ƙafarsa ba ya sake faɗuwa. Idan kuma na yi shiru, ina da miji mai sona, yana da ɗan'uwa, amma kullum da safe zan ga ya sa hannunsa a cikin riga ya tafi gadin taya. Ina sonsa, wallahi ina sonsa, son ne ma ya sa na zaɓi wancan injin. Amma wane irin so ne wannan da yake tsoron fushin mutum fiye da karyewarsa?

Da ina da lokaci da wataƙila ban rubuto ba, da na ci gaba da cewa gobe kamar yadda na saba. Shekaranjiya na dawo daga ɗiban ruwa na tarar ya fito da kwalin. Ya zauna da tsumma yana goge injin, lungu da saƙo, ya naɗe wayar yadda take tun farko, ya mayar da ledar. Na ɗauka zai gwada shi, na ce a raina Allah ka sa ya kunna ya bar shi ya yi zafi ya gane da kansa. Ashe ba haka ba ne. Ya ce in zauna.

"Ranar Juma'a idan an sauko masallaci zan tsallaka Dembe. Tun rasuwar Inna ban taka shagon Yaya ba, ban kuma taɓa ba shi komai ba. Wannan ne abu mafi kyau da na mallaka, sabo ne, ba abin da ya same shi, hannun da ya riƙe shi ne ba shi da kirki. Zan kai masa kyauta, ya sayar ko ya ajiye. Ki shirya mu je tare, ke kika kawo shi gidan nan, ina so in gaya masa irin matar da Allah ya ba ni."

Na ce to. Ban san ta inda kalmar ta fito ba.

Kwalin yana nan a bakin ƙofar ɗakinmu, ya ɗaure shi da igiya don ya ji daɗin riƙewa a kan klando. Kwalin da Yaya ya ɗauko a kafaɗarsa ya rako ni da shi titi, ko a cikin duhu ya taɓa shi zai gane. Yau Laraba. Jibi mijina zai ajiye shi a kan teburin da aka ɗauko shi, ya ce wa yayansa ga sabon inji daga Kusiri, ni kuma ina tsaye a tsakaninsu.

In faɗa masa kafin Juma'a, a ɗaki, ni da shi? In riga shi zuwa wurin Yaya in roƙe shi ya rufa min asiri, in ƙara ta uku a kan biyun da na yi? Don Allah masu hankali a cikinku, musamman waɗanda suka taɓa karya abin da suke so da hannunsu, ku ba ni shawara. Ɗazun nan da zai fita, maɓallin rigarsa ya ƙi shiga, na ji ya ce wa hannun maci amana, sai ya juyo ya miƙo min wuyan rigar in sa masa.

Me zan yi?